Kunne a Ƙarƙashin Jirgi: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Gano Kifi

Mutumin Nima ko Mamobi ko Kokomlemle, ko da yake tsakanin ƙofar gidansa da bakin teku bai fi tafiyar 'yan mil kaɗan ba, ba a cika saninsa da sana'ar su ba, domin kakannin da suka kafa zangunan nan, waɗanda suka gangaro daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, wasu ta hanyar Salaga wasu ta Ikko, fataucin goro da shanu da aikin soja da karantarwa ne suka kawo su, tekun kuwa suka iske shi a hannun mutanen Ga da Fanti da Ewe, suka bar musu abinsu. Amma duk wanda ya san yadda kuɗi ke zagawa a Akra ya san cewa dukiyar zango ta daɗe da shiga kwalekwale, ko da ƙafar mai ita ba ta taɓa taka shi ba. Akwai Hajiyar da ke sayar da bandar kifi a kasuwar Malam Atta ko ta Nima, wadda ke ba masunta kuɗin mai tun kafin su fita, bisa sharaɗin in an dawo ita za a fara yi wa tayi. Akwai Alhajin da ya haɗa kai da wani a kan jirgi a Tema ko a Yeji, shi da jari, wancan da ƙarfi da sanin ruwa, irin mu'amalar da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. Akwai kuma saurayin da yayansa na Bronx ko na Hambug ya tambaye shi abin da zai aiko masa ya kama sana'a. Waɗannan duka, ko ba daɗe ko ba jima, maganar na'urar gano kifi za ta zo gabansu, kuma galibi wanda zai zaro kuɗin daban, wanda zai kwana da ita a kan ruwa daban. A wannan rata da ke tsakaninsu ake yin asarar da nake so mai karatu ya kuɓuta daga gare ta.

Asalin aikin na'urar ba wani sihiri ba ne, amsa-kuwwa ce tsantsa. A ƙarƙashin jirgi, cikin ruwa, ana maƙala wani ɗan curi da bai fi dunƙulen hannu ba, wanda masu shago ke kira tiransidusa, mu kuwa a nan za mu kira shi kunnen na'ura, ko da yake shi ne bakin kuma shi ne kunnen. Yakan tura wani sauti siriri wanda kunnen ɗan'adam ba ya iya ji, sautin ya nutsa har ya bugi ƙasan ruwa ko wani abu da ya gitta, ya dawo, na'urar ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka, ta mayar da lokacin nan zuwa nisa, ta zana shi a allo. Da yake sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a sakan guda cikin ruwan teku, wato fiye da ninki huɗu na tafiyarsa cikin iska, idan zurfin wuri mita 30 ne, zuwa da dawowa mita 60 ke nan, kuma cikin kashi ɗaya bisa ashirin da biyar na sakan an gama. Abin da ya fi mayar da sautin a jikin kifi shi ne jakar iskar nan da ke cikinsa, wadda mata ke cirewa in suna gyara shi, saboda bambancin da ke tsakanin iska da ruwa ya fi wanda ke tsakanin tsoka da ruwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kifin da ba shi da wannan jaka, kamar shak da wani jinsin tuna, ba ya fita sosai a allo gwargwadon girmansa, alhali garken ƙananan kifin nan da ake kira amane yakan bayyana ɓaro-ɓaro.

Kafin wannan zamani, ma'abota teku da igiya da dalma suke auna zurfi, su ƙidaya gaba nawa ta shige, su shafa kitse a gindin dalmar domin ta ɗauko musu yashi ko laka su san irin ƙasar da suke kai, kuma malamai irin su Ahmad bin Majid, jagoran jiragen Larabawa na ƙarni na 15, sun wallafa littattafai a kan sanin teku da alamominsa. Sarkawanmu na Yawuri da Argungu kuwa da gora da ido da gadon iyaye suke karanta kogi. A 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka auna saurin sauti a tafkin Janiba ta hanyar kaɗa ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 ta zaburar da masu bincike, har Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar hanyar auna zurfi da sauti a 1913, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya ƙara wa abin gudu saboda farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. A 1935 wani masani ɗan Norwe, Oscar Sund, ya nuna hoton garken kifi da ya ɗauka da sauti a ruwan Lofoten. A 1948 'yan'uwa biyu na gidan Furuno, a yankin Nagasaki na Japan, suka fara sayar wa masunta na'urar da aka ƙera musamman domin kifi, a ƙarshen shekarun 1950 kuma gidan Lowrance na Amurka ya fitar da ƙarama wadda mutum ɗaya zai ɗauka a hannu. Sunayen nan biyu, tare da Garmin da Humminbird da Raymarine da Simrad, su ne har yau mai saye zai fi cin karo da su.

To, mas'alar farko da ya wajaba a warware, tun kafin a tambayi suna ko farashi, ita ce wane ruwa za a shiga, domin ruwa ne ke zaɓen na'ura. A jikin kowane kwali za a ga wasu lambobi, 50 ko 83 ko 200 ko 455 ko 800, da kalmar kilohaz a gefensu, ma'anarsu kuwa yawan karkarwar sautin ne, sau dubu nawa a sakan guda. Ƙa'idar da ba ta sauyawa ita ce, sauti mai ƙaramar lamba ya fi nisan zango amma hotonsa dishi-dishi ne, mai babbar lamba kuwa hotonsa tar yake amma ba ya nisa, ruwa yana shanye shi, ruwan gishiri kuma ya fi na daɗi shanyewa. Saboda haka masu ƙugiya na manyan kwalekwalen nan masu akwatin ƙanƙara, waɗanda ake kira lagas, da ke barin Tema ko Jamestown su yi kwanaki suna neman jan kifi a kan duwatsun ƙarƙashin teku, inda zurfi ke kai mita 80 ko 100 ko fiye, ba su da makawa sai na'ura mai 50 da 200 a haɗe. Masu tarun zobe, wato watsa da poli, da ke bin amane a ruwan da bai cika zurfi ba, 200 ko abin da ya kusance ta zai wadatar da su a mafi yawan kwanaki. Mai jirgi a tafkin Volta kuwa, inda matsakaicin zurfi bai kai mita 20 ba, idan ya sayi mai 50 domin an ce ta fi ƙarfi, ya biya kuɗin nisan da ba zai taɓa buƙata ba, ya kuma rasa tsabtar hoton da ita ce muradinsa. Shi masu 455 da 800 ne suka dace da shi, waɗanda ke zana abin da ke ƙasa da na gefe kusan kamar hoto. Akwai kuma fasahar da ake rubuta wa CHIRP, wadda maimakon ta tsaya a lamba guda sai ta share tsakanin lambobi a kowace kuwwa, ta haka ta fi iya raba kifi biyu da ke kusa da juna, ta kuma raba kifi da ƙasan da ya kwanta a kai. Yanzu ta sauko har cikin ƙananan na'urori, kuma a ganina in bambancin kuɗin ba mai yawa ba ne, ita ce ta fi cancanta.

Sautin ba miƙe yake tafiya kamar zare ba, buɗewa yake yi kamar hasken tocila, wanda in ka haska shi kusa ya tsaya a wuri kaɗan da ƙarfi, in ka haska nesa ya bazu ya raunana. Kunnen da buɗewarsa digiri 20 ce yana ganin da'irar da faɗinta ya kai kimanin sulusin zurfin, wato a zurfin mita 30 abin da yake gani bai fi faɗin mita 10 ko 11 ba. Mai digiri 45 kuwa a zurfin nan yana ganin kusan mita 25. Wannan lissafi shi ne maganin ruɗin da ya fi kowanne yawa a tsakanin masu jari, waɗanda ke zaton da zarar an kunna na'ura za ta nuna duk kifin da ke tsakanin Osu da Chorkor. In ba mai duban gefe ba ce, abin da ke ƙarƙashin jirgi kaɗai take gani, garken da ke nesa da taku ɗari a hagu ba ta san da shi ba. Na'urorin da ke leƙa ko'ina a kewaye suna nan, amma na manyan jiragen tuna ne, kuɗinsu kuma ya fi na kwalekwale da injinsa da tarunsa. Don haka idon shugaban jirgi, wanda masunta ke kira bosun, da saninsa na launin ruwa da shawagin tsuntsaye da ƙyallin garke a daren da babu wata, su ne har yanzu ke kai jirgi wurin. Na'ura tabbatarwa take yi, ta faɗi zurfin da garken yake da kaurinsa, domin kada a zuba taru a banza.

Batun ƙarfi kuwa a nan ne talla ta fi wasa da hankalin mutane. Ana auna shi da wat, amma awon iri biyu ne: na haƙiƙa, wanda ake rubuta wa RMS, da na ƙololuwa, wanda ke ninka na haƙiƙa kusan sau takwas. Kwalin da aka rubuta wa 4,000 da manyan baƙaƙe sau da yawa 500 ne a ƙananan baƙaƙe. A nemi na haƙiƙa. Wat 200 zuwa 300 sun isa tafki da bakin gaɓa, 500 zuwa 600 su ne daidai ga mafi yawan aikin teku na kwalekwale, 1,000 kuwa sai mai zurfi ƙwarai. Zurfin da aka rubuta a kwali ma a rage masa, domin galibi a ruwan daɗi mai natsuwa aka gwada shi.

Amma abin da na fi so a tsaya a kansa, wanda kuma shi ne aka fi sakaci da shi, shi ne wurin da za a ɗaura kunnen, domin na'ura mai tsada da kunnen da aka ɗaura ba daidai ba, wadda ta fi ta araha da aka kyautata wa ɗauri ta fi ta amfani. Masu ƙera waɗannan kaya jiragen ƙasashensu suke dubawa, masu shafaffen baya da ake ɗaura inji a tsakiyarsa, saboda haka ƙarfen ɗaurin da ke cikin kwali na irin wannan baya ne. Kwalekwalen bakin tekun Gana kuwa daga gungumen itacen wawa ake sassaƙa gindinsa, a ƙara masa katako a gefe, gabansa da bayansa duka masu tsini ne, injin kuma, wanda galibi mai ƙarfin doki 40 ne, a gefe ɗaya ake rataye shi kusa da baya. Akwai kunnen da ake mannawa a cikin jirgi ya harba sautin ta jikin jirgin, amma wannan sai jirgin faiba; itace, saboda iskar da ke cikin ƙofofinsa, shanye sautin yake yi. Akwai wanda ake huda jirgi a saka, kuma a jirgin katako na tagulla ake so, domin katako in ya sha ruwa ya kumbura yana iya fasa na roba. Sai dai babu masuncin da zai yarda a huda masa gindin kwalekwale, kuma yana da gaskiya. Ga kuma mas'alar sauka: a Chorkor da sauran wuraren da babu tasha, ana ratsa igiyar ruwa ne a ja jirgi a kan rairayi bisa itatuwa, duk abin da ya leƙo a ƙarƙashinsa kuwa ba zai ga mako biyu ba.

Mafita ita ce a kai wa maƙeri aiki. A sami bututun ƙarfe marar tsatsa ko sanda mai ƙwari, a ɗaura kunnen a ƙarshenta, a yi mata maƙali a gefen jirgi ta yadda za a sauke ta in an fita a ɗage ta in za a sauka, a ɓangaren da babu inji, nesa da farfela, domin kumfa ita ce babbar abokiyar gabar wannan sauti: 'yan ƙwayoyin iska kaɗan a fuskar kunnen sun isa su mayar da allo fari fat ko su cika shi da tabo. Fuskar kunnen ta dubi ƙasa sak, ta ɗan zarce gindin jirgi, kada ta karkata, domin in ta karkata zurfin da za ta faɗa zai fi na gaskiya. Wayarsa kada a yanke ta domin a rage tsawo ko a ƙara, kada kuma a jera ta da wayoyin inji. Waɗannan abubuwa ba su da tsada, amma su ne ke raba na'urar da za ta yi shekaru tana aiki da wadda za ta ƙare a ƙarƙashin gado.

Allon kuwa, girmansa bai kai haskensa muhimmanci ba. A fito da shi waje a tsakar rana a duba, domin abin da ke ƙyalli a cikin shago yana iya zama baƙi ƙirin a kan teku da azahar. Inci biyar zuwa bakwai ya wadatar. A zaɓi mai maɓallai, domin allon shafawa ba ya jituwa da jiƙaƙƙen hannu mai gishiri da sulɓin kifi. A duba alamar IPX7, wadda ke nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a, duk da haka a yi masa akwati. Batir mai bolt 12 ake so, nasa shi kaɗai, da fis a tsakani. Lissafinsa mai sauƙi ne, domin na'urar da ke jan rabin amfiya, a dare mai sa'a goma sha biyu za ta cinye amfiya shida, ke nan ƙaramin batir mai lamba 7 da ƙyar zai kai ta asuba, masu kwanaki a ruwa kuwa sai babba ko ɗan faifan hasken rana. Bakin wayoyi a wanke shi da ruwan daɗi a shafa masa man hana tsatsa, gishiri ba ya barin tagulla ta huta.

Sannan sai a koyi karatun allon, wanda ilmi ne mai zaman kansa. Gefen dama kaɗai ke nuna halin yanzu, duk abin da ya gangara hagu tarihi ne, jirgi ya riga ya wuce shi. Kifi guda yakan fito a siffar baka, saboda nisansa da kunnen yana raguwa yayin da ya shigo tsakiyar sautin, ya ƙaru yayin da yake fita; garke kuwa dunƙule yake fita. Ƙasa mai dutse takan zana layi mai kauri da launi mai ƙarfi, wani lokaci har da na biyu a ƙarƙashinsa, laka kuwa siriri mai rauni. Akwai wani saiti da ke zana 'yan hotunan kifi a allo, wanda shi ne ke burge mai saye a shago, shi ne kuma ya kamata a fara kashewa, domin leda da ciyawa da kumfa duk kifi yake kiransu, kuma wanda ya ga abin da kwatar Odo ke zubarwa cikin teku ta Korle bayan ruwan sama ya san yawan ledar da ake magana. Mafi yawan kunnuwa suna auna zafin ruwa ma, wannan kuwa ba ƙaramar fa'ida ba ce a gaɓar Gana, inda daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, zafin saman teku ya sauko ƙasa da digiri 25, amane ya matso. Lokacin ne kakar masunta.

Idan kuɗi sun ƙi kai wa komai, abin da ba zan ba da shawarar a bari ba shi ne GPS, wato sanin wuri ta tauraron ɗan'adam. Dutsen da aka dace da kifi a kansa yau, a danna maɓalli a ajiye shi, gobe a miƙe zuwa gare shi ba tare da yawon ƙona mai ba. Kuma kowa ya san wahalar da ake sha kafin a sami man firimis a bakin ruwa. Lokacin hazon hunturu, sa'ad da gaɓa ke ɓacewa, ita ce ke mayar da mutane gida. Tana da wani amfanin kuma: Dokar Su ta 2002 ta keɓe wa ƙananan jirage ruwan da ke cikin mil shida daga gaɓa ko wanda bai kai zurfin mita 30 ba, sabuwar doka ta 2025 kuma ta faɗaɗa shi zuwa mil goma sha biyu, saboda haka masuncin da babban jirgi ya yaga masa taru, in yana riƙe da lambar wuri da zurfi da lokaci, ya je gaban hukuma da hujja. Sai dai a kula da kayan da 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka, waɗanda sau da yawa an cika su da taswirar tafkunan can, an kuma biya kuɗinta, alhali babu Tema babu Yeji a ciki.

A wajen saye, ko a shagunan kayan jirgi na Tema ne ko a wurin masu kayan lantarki na Sakul da Zongo Lane, shawarata ita ce mai jari ya tafi da bosun ɗinsa, ya bar shi ya yi tambaya, ko da Alhaji ne shi kuma wancan sa'an ɗansa ne. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan Nima, sun kafa misalin cinikin garari da sayar da kifin da ke cikin kogi tun ba a kama shi ba. Sayen na'urar hannu wadda ba a taɓa tsoma kunnenta a ruwa a gabanka ba ɗan'uwan wannan ciniki ne, domin allo yana iya kamawa lafiya, har ya nuna hotunan gwaji da aka ajiye a cikinsa, alhali kunnen ya mutu. Shari'a ta ba mai saye damar gindaya sharaɗin hiyari, wato kwanakin gwaji, to a gindaya shi, a rubuta. A tambaya ko kunnen na cikin kuɗin, ko ana samun irinsa da wayarsa in sun lalace, da kuma wanda zai gyara. 'Yan ƙananan nan masu arha da ake tallatawa a intanet, da waɗanda ake jefawa da fatsa a duba a wayar hannu, na mai nishaɗi ne a bakin tafki, ba na mai iyali goma sha biyar a bayan jirgi ba.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da mai shago ba zai faɗa ba. Kifin tekun Gana ya ragu ƙwarai. Amanen da a wasu shekarun 1990 ake kama fiye da tan 100,000 a shekara, zuwa ƙarshen shekarun 2010 bai kai sulusin haka ba, saboda yawan jirage, da su da fitila da nakiya da guba waɗanda doka ta haramta, da cinikin saiko da manyan jirage suka riƙa yi a tsakiyar teku. Har ta kai a 2019 an fara rufe wa kwalekwale teku na wata guda, bayan hutun ranar Talata da aka gada. Na'ura ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya a cikin ruwa. Hasali ma tana iya ɓoye musibar, domin kifi in ya ragu yakan taru wuri guda, mai na'ura ya same shi ya cika jirgi ya zaci lafiya ake. Haka ya faru a Kanada, inda jirage masu kayan zamani suka yi ta kamu har ranar da gwamnati ta rufe sun kifin kod a 1992, dubban mutane suka rasa sana'a. Wanda ya zuba jari da lissafin na'ura za ta ninka masa riba, lissafinsa bai tsaya a kan tushe ba. Abin da za ta yi masa tabbas shi ne rage mai, da rage yagewar taru, da rage zuba shi a kan 'ya'yan kifin da ba su isa kamu ba, in bosun mai tsoron Allah ne.

A tafkin Volta kuwa al'amarin ya wuce na riba. Lokacin da aka datse kogin a Akosombo, ruwa ya fara taruwa a 1964, ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000, amma dazuzzukan ba a sare su ba, suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau, daga Yeji zuwa Dambai zuwa Kpando Torkor. Ruwan yana hawa yana sauka da shekara, kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya da kaka shi ne zai fasa shi da bazara, kuma an sha rasa rayuka masu yawa ta haka. A cikin rassan nan karfasa da ƙurungu da tarwaɗa suke fakewa, a cikinsu kuma taru yake sarƙewa, kuma sanannen abu ne, wanda hukumomi da ƙungiyoyi suka daɗe suna yaƙi da shi, cewa ƙananan yara ake turawa su nutsa su kwance shi, wasunsu an rabo su da iyayensu da 'yan kuɗi kaɗan, wasunsu kuma ba sa fitowa. Na'ura mai 455 ko 800 tana nuna itacen da rassansa kafin a zuba taru, GPS kuma yana riƙe wurin har abada, sai dai abin da ke gaban jirgi na'urar ba ta gani, saboda haka ba ta ɗauke wa matuƙi wajibcin tafiya a hankali ba. 

Saboda haka ina kira ga duk Alhaji ko Hajiyar da ke da hannu a jirgin Volta, ko da daga Kokomlemle ake aiko musu da lissafi a waya: ku saya wa jirginku wannan na'ura, ku sa rigunan ceto a ciki, kuma ran da kuka je Yeji karɓar rabonku, ku tambayi bosun ido da ido wane ne ke nutsawa in taru ya sarƙe, shekarunsa nawa, kuma ɗan wane ne. Dukiyarku ce ke kan ruwan, tambayar kuma tana wuyanku.